Hanyar Baƙin Dutse

An ce wani sarki ya gina sabon gida, ya kewaye shi da lambu mai faɗi, ya kafa rumfar shari'a a can ƙarshen lambun. Da aka zo kan hanyar da za ta tashi daga ƙofa zuwa rumfar, sai ya ce shi da kansa zai tsara ta. Ya sa aka ja igiya ta miƙe sambal, aka sare duk itacen da ya tare ta, aka haƙa, aka zuba tsakuwa, aka shimfiɗa baƙin dutse gogagge wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Dama da hagu furanni ne, an hana takawa. Duk baƙon da ya sauka, sai sarki ya nuna masa hanyar tukuna kafin a ba shi ruwa.

Al'adar fadar kuwa, kowa a ƙofa yake tuɓe takalmi, kuma ba a gudu a gaban sarki. Shi kaɗai ke tafiya da takalmi, ana riƙe masa laima.

Sarki kan zauna sauraron ƙara daga hantsi zuwa azahar. Tun da aka gama hanyar, masu ƙara suka riƙa raguwa, har aka wayi gari ba kowa a rumfar sai fadawa, waɗanda ke zuwa tun da sanyin safiya. Ran nan sarki ya dubi wazirinsa Ɗalhatu, ya ce, “Waziri, ka taɓa jin sarkin da adalcinsa ya ƙarar da masu ƙara? Daga gobe na rufe wannan zama, ba shi da sauran amfani.”

Waziri ya ce, “Ya sarki, ƙara ba ta ƙare ba. Sabon dogarin da ka naɗa ne yake korar mutane.”

“Wane dogari na naɗa ban sani ba?”

“Baƙi ne, dogo, ba ya ci ba ya sha. Da safe mutumin kirki ne, da rana azzalumi. Kullum kana wucewa ta kansa, bai taɓa cizonka ba.”

Sarki ya ɓata rai, ya ce, “Nuna mini shi. In babu shi, a bakin rawaninka.”

Waziri ya ce, “Na yarda, ranka ya daɗe. Amma ba ya bayyana ga mai takalmi.”

Suka fita ƙofa, rana ta take tsaka. Sarki ya tuɓe takalmansa, ya sallami mai laima, ya ɗora ƙafa a kan dutsen. Bai yi nisa ba ya ji kamar garwashi yake takawa. Ya dubi furanni, ya tuna shi ya hana. Ya so ya yi gudu, ya ga idon fadawa a kansa. Haka ya daure, yana tafiyar ƙasaita gumi na tsiyaya daga gemunsa, har ya isa rumfa ya zauna, tafin ƙafarsa duk bororo.

Waziri ya ce, “Ya sarki, kai ke nan da ƙarfinka. Ina ga tsoho mai sanda, ko mace mai goyo?”

Sarki ya ce, “Na tuɓe dogarin nan. Kai kuwa gyara zaman rawaninka.”

Ya sake tsara hanyar, wannan karon ba takalmi. Inda ƙafarsa ta nemi inuwa, nan aka kafa turke. Hanya ta karkata ta bi ƙarƙashin tsamiya da durumin da suka tsira. Matan gari suka daɓe ta da jar ƙasa da makuba suna waƙa, duwatsun kuwa aka jera su a inuwa suka zama wurin hutawa.

Wadda ta fara bin sabuwar hanyar wata tsohuwa ce mai suna Tabawa. Ta durƙusa, ta ce, “Ranka ya daɗe, ƙararka na kawo. Masu jan duwatsunka ta gonata suka bi, suka tattake mini dawa. Na zo tun tuni, ƙafata ta hana ni ƙarasowa.”

Sarki ya sauko daga karaga, ya zauna a tabarma kusa da ita, ya ce wa waziri ya yanke musu hukunci. Aka ba ta gaskiya, ya biya ta dawarta. Sa'an nan ya dubi jama'a, fuska cike da alfahari, ya ce, “Wannan hanya ta fi waccan kyau, tun da har ta kawo mai ƙarata. Ku riƙe wannan daga gare ni: adalcin da mara takalmi ba ya iya isa gare shi, ado ne kawai.”