Ranar da Mang Cleto ya cinye teburin makoki

Akwai wani dattijo a unguwar da ke bayan kasuwar kifi ta Lemery, can Batangas, ana ce masa Mang Cleto. Shekara ashirin da shida ya yi yana girki a jirgin ruwan dakon kaya. Ya dawo gida da ciwon gwiwa, da 'yar fanshonsa, da wata irin gajiya wadda barci ba ya maganinta.

Ba ya zuwa kallon faɗan zakaru, ba ya zaman giya da maza a bakin titi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kallon kartar poka a talabijin. A jirgi ya fara, lokacin da ruwa ya ishe shi kallo. Da ya dawo kuma sai abin ya zame masa aikin yini. Yana gama cin shinkafar rana zai miƙe ƙafa a kan benci, ya ƙure fanka, ya zuba wa mutanen da ke cikin akwatin ido.

Kuma a faɗi gaskiya, ya koya. Ya gane cewa gwani ya fi yawan zubar da karta a kan bugawa. Ya san lokacin da ake ƙara kuɗi, ya san lokacin da ake yin burga da hannun banza har mai karta mai kyau ya tsorata ya gudu. Bai taɓa sa ko peso ɗaya ba. Da murafen kwalba yake gwadawa shi kaɗai a kan tabarma.

Matarsa, Aling Minda, ta gaji da abin har ta daina magana. Sai dai in ya cika ɗakin da ihun "Zubar mana, wawa!" ta leƙo daga kicin ta tuna masa cewa mutumin ba ya jinsa, kuma ko yana ji, ya fi shi kuɗi.

Da ilimin ya tsaya a tabarma da ba a ji kansu ba. Amma ya bi shi waje. Direbobin babur mai ɗaki na unguwar su ma sun ɗauki poka tun da ta zama yayi, suna bugawa yadda suka ga dama. In Mang Cleto ya wuce ta gefensu sai ya tsaya a bayansu, ya harɗe hannu, ya yi ta tsaki. Yakan ce wannan ba wasa ba ne, rabon sadaka ne. Su kuwa sai su ce, "To Furofesa, zauna mana," shi kuma ya ce ba ya zama da 'yan koyo.

Ana nan sai Noryo ya rasu. Noryo kafinta ne, abokin Mang Cleto tun suna yara, shi ne ma uban baftismar 'yarsa, don haka "Pare" suke kiran juna. Zuciyarsa ce ta tsaya yana cikin fere katako.

Aka kawo akwatin gawa aka ajiye a falo, aka kunna fitilu, aka kafa rumfa a ƙofar gida. Ɗan Noryo tilo yana aiki a Qatar, kuma kamfaninsa ba zai sake shi ba sai Asabar ta sama. Wato kwana tara gawa za ta yi a gida, kuma kowa ya san ba a barin mamaci shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Dole a samu idon da ke buɗe a kusa da shi, dare da rana.

Matar marigayin, Aling Petra, ba ta da kowa a garin. 'Yan'uwanta suna can wani tsibiri mai nisa. Abin da ya riƙe ta shi ne teburin karta da aka kafa a rumfa, kamar yadda ake yi a kowane makoki. Maza suna zuwa suna tafiya, ana cire ɗan wani abu daga kowane zagaye a jefa a gwangwani don hidimar jana'iza. Teburin yana daidai ƙofar falo, akwatin yana gaban idonsu. Muddin tana jin ƙarar karta da gardamarsu, takan shiga ɗaki ta ɗan runtsa.

Kwana biyar Mang Cleto yana zuwa, ya zauna gefe da kofin kofi, yana kallon yadda suke wasa ransa yana ɓaci. Mutum ya riƙe kartar banza a hannu ya bi har ƙarshe. Wani ya ci, ya juyo ya zubar da abin da ya ci a zagaye na gaba kamar aljihunsa a huje yake. Baƙin cikin rashin abokinsa da takaicin wasan suka haɗu suka dame shi.

Ranar Laraba da la'asar wani direba ya sake tsokanarsa. Wannan karon sai Mang Cleto ya jawo kujera.

Mang Dalmacio, tsohon da ke raba karta, wanda ya yi shekara arba'in yana zaman makokin unguwar, ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Cleto, a hankali dai. Nan gidan Noryo ne."

"Na san gidan wa ne," in ji shi. "Raba kawai, Mang Dalmacio."

Ya yi wasa kamar yadda ya gani a talabijin. Ya yi ta zubarwa har suka fara yi masa dariya. Sannan ya fara kamawa. In ya ga mutum yana shafa wuya, ya san hannunsa ba komai, sai ya danne shi. In shi ne ba shi da komai, sai ya tura kuɗi da yawa ya ƙura wa mutum ido har ya janye. Dariya ta ɗauke. Kafin a kunna fitilun titi, cinikin kwana uku na direbobi shida yana gabansa a tare.

Ba wanda ya yi faɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, suka shiga falo suka taɓa akwatin, suka yi wa Aling Petra sallama, suka tayar da baburansu. Mang Dalmacio ya haɗa kartar ya ɗaure da roba ya sa a aljihu.

Mang Cleto ya koma gida yana jin kansa kamar ya rage shekara goma. Ya ba matarsa labari hannu bayan hannu. Ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi wa ya bari a rumfar. Ya ce ai za su dawo.

Ba su dawo ba. Da me za su dawo? Wanda aka cinye masa kuɗin mai da na cefane sai ya kwana a titi yana neman fasinja. Waɗanda ba a cinye ba kuma labari ya kai musu cewa akwai kifi mai cin 'yan'uwansa a teburin Noryo.

Da safe Mang Cleto ya zuba kuɗin a ambulan ya nufi gidan makokin. A ransa ya gama lissafi: zai miƙa wa Aling Petra duka, ya fi abin da gwangwanin zai tara a mako guda, kowa ya ga amfanin ilimi.

Ya tarar da rumfa wayam, kujeru a kife. A falo Aling Petra tana zaune a kujerar roba kusa da akwatin, cikin rigar jiya. Idanunta sun yi ja, ta riƙe carbinta amma yatsun ba sa motsi. Ya miƙa mata ambulan yana bayani. Ba ta karɓa ba.

"Ajiye can, Pare," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuɗin jana'iza ɗana ya turo tun ranar Litinin. Ni ba kuɗi nake ji ba in suna wasa. Mutane nake ji. Tun da suka tafi jiya ban tashi daga nan ba, ko bayan gida ban iya zuwa ba. Wa zan bar masa?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har gwiwoyin nan masu ciwo. Ya ce ta je ta kwanta, zai zauna. Ta dube shi kamar ba ta yarda da shi ba, amma gajiya ta fi ƙarfinta, ta tashi tana dafa bango.

Da Aling Minda ta zo ta karɓe shi da rana, sai ya bi direbobin tasharsu don ya mayar musu da kuɗinsu. Nan ma ya sha mamaki. Ba wanda ya miƙo hannu. Wanda ya tsokane shi jiya ya ce masa cikin ladabi, abin da aka ci a tebur an ci, su ba mabarata ba ne. Ya juya ya ci gaba da goge madubin babur ɗinsa.

Daga nan ya ja ƙafa zuwa gidan Mang Dalmacio. Ya same shi yana ba kajinsa tsaba. Tsohon bai ba shi wurin zama ba.

"Kana zaton ba mu iya ba ne?" ya ce. "Yaron da ka fara cinyewa, in a bayan kasuwa ne, da wando kaɗai zai bar ka. A makoki ba a zuwa cin kowa. Ka ci, ka saki, wani ya ci, ya saki. Kuɗin nan ɗaya ne yake zagayawa har kwana tara, yana raguwa kaɗan-kaɗan zuwa gwangwani, kowa yana da dalilin zama. Kai ka zo ka kwashe a awa uku."

Mang Cleto ya ce shi bai sani ba. Tsohon ya ce ya sani sarai, a unguwar nan aka haife shi, mantawa ya yi don yana son a ce ya iya.

Wannan maganar ta fi komai yi masa zafi, domin gaskiya ce.

Ya roƙi Mang Dalmacio ya taimaka. Tsohon ya ce zai duba, ya ci gaba da watsa tsaba.

Alhamis ta wuce, rumfa ba kowa sai mata biyu-uku da suka zo addu'a suka tafi. Mang Cleto da matarsa suka riƙa karɓa-karɓa. Amma Aling Petra ba ta iya barci a gidan da ya yi tsit. Takan kwanta minti goma ta fito ta leƙa, ta ga ko mai gadin ya gyangyaɗa. Sau biyu kuwa ta sami Mang Cleto ya gyangyaɗa. Sai ta jawo kujerarta ta zauna. Zuwa safiyar Juma'a dare biyu ke nan ba ta yi barci ba, ga ɗanta zai sauka gobe ya same ta haka.

Da hantsi sai ga Mang Dalmacio da sandarsa. Ya shiga ya gaida mamaci, ya fito ya miƙa wa Mang Cleto hannu ya ce ya ba shi ambulan ɗin. Ya zazzage kuɗin a tsakiyar tebur, ya kasa shi gida shida a gaban kujeru shida da ba kowa a kansu. Sannan ya aika tasha da saƙo: ba kuɗin Cleto ba ne, ba kuma nasu ba ne, na teburin Noryo ne, kuma teburin yana neman masu zama.

Wannan kam sun iya karɓa. Kafin azahar babura suka fara tsayawa a ƙofar gida.

Mang Cleto ya matso zai jawo kujera ta bakwai. Tsohon ya sa sandarsa ya tare ta.

"Kai ka gama naka wasan, Furofesa. Ga buta can, mutane suna son kofi."

Haka ya yini a tsaye, yana zagaya tebur da butar kofi da farantin biskit, gwiwoyinsa suna kuka. Ya ga wani ya bi zagaye da kartar da ko yaro ba zai riƙe ba, ya ci, aka fashe da dariya da zagi. Bakinsa ya buɗe da kansa, ya mayar ya rufe, ya cika wa mutumin kofinsa.

Can da la'asar Aling Minda ta fito daga ciki ta ce kada su rage murya, su ci gaba yadda suke. Mang Cleto ya leƙa ta labule. Aling Petra tana kwance a kan tabarma, ko silifas ba ta cire ba, bakinta a buɗe, tana barci kamar wadda aka sauke wa dutse daga ka. Ya daɗe a tsaye da butar a hannu, hawaye yana zubo masa, har wani ya ƙwala masa kira cewa kofi ya ƙare.

Darasi: Ba caca nake tallata muku ba, mutane nake nuna muku. Iya abu daban, sanin inda ake amfani da shi daban. Kafin ka raina yadda wasu ke yin abinsu, ka tambayi dalilin da ya tara su, domin wanda kake gani kamar bai iya ba wataƙila da gangan yake sassautawa saboda wani. Ka tura wannan ga duk wanda ka san ba ya iya zama a taro sai ya nuna ya fi kowa, kuma kai ma ka sake karantawa kafin ka tura.