Murhun da Fergal Ya Rufe da Kankare

Ku yaran yanzu, gaggawa ta cinye muku hankali. A ce ku dakata, sai ku ɗauka zagi ne. To ku zauna ku karanta wannan, idan har kun iya zama.

Akwai wani mutum a garinmu, can bayan tsohuwar ganuwa, sunansa Fergal Mulqueen. Ba mugu ba ne. Direban motar madara ne, kullum a gajiye yake. Mahaifiyarsa Nonie ta faɗo daga matakalar bene ta karye a ƙugu, daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi. Aka ce ba za ta koma gida ba sai an gina mata ɗaki a ƙasa, mai banɗaki a ciki.

Duk ranar da ya je duba ta, maganar ɗaya ce.

"Fergal, shayin mutanen nan ruwan wanke-wanke ne. Yaushe za ka fitar da ni?"

"Kafin Kirsimeti, Inna."

"Haka ubanka ya ce da gyaran ƙofar baya. Har ya mutu tana ƙara."

Fergal ya ɗauko abokinsa Mossie mai motar haƙa, suka fara tonon harsashi a lambun bayan gida, ana yayyafi kamar kullum. Ba su yi nisa ba Mossie ya kashe inji ya sauko. Ga duwatsu an jera su a zagaye kamar bakin rijiya, ga wata siririyar hanya ta dutse ta fita daga jikinsu ta nutse cikin ƙasa. Fergal ya damƙo baƙar ƙasar wurin, sai ga ƙonannun ƙwayoyin sha'ir a tafin hannunsa.

"Murhun busar da hatsi ne na mutanen da," in ji Mossie. "Irinsa aka tono lokacin ginin makaranta. Sai ka kira hukumar kayan tarihi, mutumina."

"In kira su, su zo da ɗan buroshinsu suna shafa ƙasa har bazara?"

"Doka ce dai."

"Yaushe ka zama lauya? Ba kai ka ture katangar Fada, limamin cocinmu, ka ce iska ce ba?"

"Katangar Fada ba ta girmi kakan kakana ba. Ni dai hannuna ba ya ciki."

Da yamma Fergal ya gaya wa Nonie. Ta kalli ruwan da ke bin gilashin taga.

"A ƙasar nan hatsi bai taɓa bushewa da kansa ba," ta ce. "Wata ce ta zauna bakin wutar nan tana shaƙar hayaƙi, don 'ya'yanta su ci abinci da hunturu. Ka kira mutanen, su duba, su tafi. Zan jira."

"Ba ke kike cewa in fitar da ke ba?"

"Na ce ka fitar da ni. Ban ce ka yi ɓarna ba."

Ya gyaɗa kai kawai. Bayansa na ciwo, kuma ya gaji da jin an ce masa ya jira.

Ranar Lahadi, maƙwabta suna coci, ya ɗauki diga ya farfasa duwatsun zagayen, ya cika ramin da ɓaraguzai. Siririyar hanyar nan, wadda zafin wuta ke bi a da, bai tsaya ganin iyakarta ba. Ya toshe bakinta da dutse ɗaya, ya zuba kankare a kai. Da Nonie ta tambaya, ya ce mutanen sun zo sun gama.

Ɗaki ya tashi. Ya fasa bangon kicin ya yi ƙofa, ya yi fenti, ya rataya labule.

Sai ruwan Nuwamba ya sauko, irin wanda ba ya ɗaukewa. Ruwa ya sami tsohuwar hanyar, ya riƙa kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ginin. Kusurwa ɗaya ta zauna, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Ma'aikaciyar jinya ta zo duba ɗakin kafin a sallami Nonie. Ta ajiye keken marasa lafiya a tsakar ɗaki, keken ya gangara da kansa ya bugi bango.

"Ba zan kawo tsohuwa nan ba," ta ce.

Injiniyan da ya tona don ganin dalili shi ya ci karo da hanyar, ya sanar da hukuma. Matar da ta jagoranci masu binciken tarihi ba ta ko ɗaga murya ba.

"Da ka kira mu, 'yan makonni ne mun tattara mun ba ka wuri. Yanzu sai an rushe ɗakin, mu tsince abin da ka bari."

Nonie ta yi Kirsimeti a gidan tsofaffi. Fergal ya zauna gefen gadonta ya kasa haɗa ido da ita.

"Ka ce sun zo."

"Na ce, Inna."

Sai ta ce, "Wane launi ka yi wa bangon?"

"Ruwan ƙwai."

"Da na so shi kuwa."

A Fabrairu ta rasu. Bayan gidan yana buɗe, an rufe da tamfol, lambun duk ramuka ne da igiyoyi. Ko gawarta ba a iya kawowa ta kwana a gidanta ba, maƙwabta su zagaye ta kamar yadda muke yi wa namu. Daga ɗakin ajiyar gawa aka wuce da ita coci. Kotu ta ci Fergal tara, amma ba wanda ya taɓa jin ya ambaci tarar.

Darasi: Idan babba ya ce ka jira, ka jira. Gajiya ba hujjar ɓarna ba ce, kuma ƙaryar da ka yi don ka hanzarta ita za ta fi ɓata maka lokaci. Ku tura wa 'ya'yanku wannan, musamman wanda ba ya jin magana.