Motar Saje Barau

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku yanke mini hukunci a kanta.

Bayan an gama yaƙin Bama na zamanin Turawa, wani soja mai suna Saje Barau ya dawo Bukuru da sana'ar kanikanci da ya koya a bariki. Ya kafa ɗan gareji a bayan kasuwa, yana tsintar ragowar motocin soja yana ƙera ƙananan motocin tsere masu kujera ɗaya. Ya sa musu suna Barewa. Turawan haƙar kuza su ne masu saye, suna tsere da su ran Lahadi. Duk rayuwarsa bai ƙera masu yawa ba, amma kowace ya san kukanta kamar muryar ɗansa.

Da kuza ta faɗi, Turawa suka watse, gareji ya mutu. Barewar ƙarshe ma sai da aka sayar. Saje ya tsufa, ya makance, matarsa ta rasu. Daga nan ya juya fuska bango, ya daina cin abinci. Abin da yake faɗi kawai shi ne, "Da zan ƙara jin kukan Barewa sau ɗaya."

Mutum uku suka ji wannan magana.

Na farko Iliya Dung, abokinsa tun fagen yaƙi, wanda shi ne ke tuƙa masa motocin a da. Da tsufansa da ciwon gwiwa ya hau manyan motoci gari gari yana cigiya, har ya iske Barewa a wani ƙauye bayan Gombe. An cire injin ana niƙan hatsi da shi, kaji kuma na kwana a gangar jikin. Mai niƙa ya ce ba zai rabu da abin neman abincinsa ba. Iliya ya koma gida ya ɗauko injin ban ruwan lambunsa ya ba shi, ya karɓo Barewa da injinta. Lambun ya bushe a shekarar.

Na biyu Mijinyawa, wanda Saje ya koya wa aiki. Ya rufe shagonsa damina guda don ya gyara motar. Kayan motar babu su a ko'ina, sai ya riƙa narka ƙarfe yana ƙera su da hannu. A wurin wannan aiki ya rasa yatsu biyu. Ya naɗe hannun, ya koma bakin wuta.

Ta uku Lantana, 'yar Saje. Ta nemi izinin mijinta ta dawo gida jinya. Kullum tana zaune kusa da shi da kwanon kunu. In ya kawar da kai, sai ta ce, "Baba, ba ni labarin tseren da kuka yi da ruwan sama." Yana cikin labari sai ta ba shi ludayi guda. Da haka ta riƙe shi har aiki ya kammala.

Ranar da aka turo motar ƙofar gida, suka ɗauko tsoho suka zaunar da shi a kujerar. Ya shafa sitiyari, ya lalubo makunni, ya tayar. Ya daɗe yana saurare, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Lantana, akwai sauran tuwo?"

Ya ƙara shekara biyu a duniya, yana cin abinci yana dariya. Da ajali ya matso, ya ce a ba da Barewa ga wanda ya dawo masa da ransa, bai faɗi suna ba.

Bayan sadakar arba'in aka tara su. Iliya ya ce ai shi tarkace kawai ya kawo. Mijinyawa ya ce da Baba ya rasu kafin ya gama, da aikinsa ya tashi a banza. Lantana ta ce kunu bai taɓa sa mahaifinta dariya ba. Kowa ya ture wa ɗan'uwansa, ga mota ba ta rabuwa.

To, jama'a, cikin su ukun nan wa Saje Barau yake nufi?