Turamen Sarkin Pawa

Masu riƙon labari sun ce an yi wani Sarkin Pawa mai suna Barau. Tsufa ya kwashe masa turamen haƙora, ya ɓoye don kada mahauta su yi masa dariya. Ana nan sai cikinsa ya dinga kumburi, ya yi kwanaki bai zagaya ba.

Bai zargi kowa ba sai Tasalla, matar ɗansa, mai dafa masa abinci. Ya lura tana daka nama har ya zama gari, tana zuba koren ganye, in ta ajiye kwano kuma ba ta ɗaga ido. Ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza. Sai ya riƙa juye wa tsohuwar akuyarsa abincin don ya ga ko za ta mutu, shi kuwa ya tafi tukuba ya yi ta haɗiyar tsire.

Ran da ya ƙudura zai sa ɗansa ya sake ta, ya zauna bakin turke yana hararar akuya. Ta dakata da tuƙa, ta ce, "Sarkin Pawa, dube ni. Na yi kama da mai cin guba?"

Ya ce, "Wa ya sani ko bakinku ɗaya?"

Ta ce, "Allah ya ja kwananka, kada ka zama Kande mai tuwo."

"Me ya same ta?"

Akuya ta ce, "Kande tuwonta ya daina nuna. Ta ce maƙwabciya ce ta yi wa tukunyarta baki. Ta sake tukunya, ta sake itace, a banza. Wata tsohuwa ta leƙa, ta ga tsaba na yawo a ciki, ta ce, 'Ke Kande, halinki irin na Mati mai kwata ne.' Kande ta ce, 'Wane ne shi?'

"Tsohuwa ta ce, 'Mati kwatarsa ta toshe, gida ya ɗau wari. Ya rantse an binne masa laya, ya rushe katangarsa yana nema. Bai tarar da komai ba sai dattin gidansa. Kwata kuwa ba ta son boka, tsintsiya take so da ruwa. Ke ma dutsen niƙanki ne ya cinye, kina jin kunyar faɗa. Abin da dutse bai niƙa ba, tukunya ba ta iya masa.'"

Akuya ta ci gaba, "To, baki ne dutse, ciki ne tukunya, ganyen zogalen nan shi ne tsintsiya. Yarinyar nan turminta ta ara maka."

Barau ya dafe muƙamuƙinsa, ya waiwaya, ya rage murya. "Wa ya gaya mata?"

"Mai wanke kwano ta san abin da aka tauna da abin da aka tofar. Kunyar suruki ta rufe mata baki."

Barau ya ce, "Na ji. Da na rushe katangata."

Da azahar Tasalla ta ajiye kwano za ta juya, ya ce, "'Yata, ƙaro mini ruwa. Gobe ki ƙara ganyen." Ya ci a hankali, ya suɗe tas.

Akuya ta leƙa kwano, ta ce, "Oho! Gaskiya ta cinye mini tuwo."