Muryar Tasalla a Wayar Mai Wankin Hula

Haladu ɗan gidan Uwale ɓarawo ne. A gaban uwarsa na faɗa, ga ta can jikin bango tana gyara mayafi, in ƙarya nake ta tashi ta ƙaryata ni. Bai haura mini katanga ba, bai kwance mini akuya ba. Muryata ya sata. Ina goye da jikata a tsakar gida, ina yi mata waƙar da na haɗa wa uwarta Hansai, Allah Ya jiƙanta, ashe yana zaure da waya a hannu. Ya zuba muryar cikin abin nan da suke haɗa kiɗa da shi, manhaja suke ce masa, ya matse ta ta koma kamar ta ɗan tsako, ya sa ganga a ƙarƙashi. Yau da ita masu adaidaita ke wucewa ta gaban tandar wainata.

Malama, kin ce yau kowa ta kawo abin da zai amfani 'yan'uwa. Ni allona bai yi nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban sani ba. Amma ina da labari, kuma sai na kai ƙarshensa.

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, tun farkon shigowar wayoyin nan na shafawa. Yayata ta yi aure can, a bakinta na ji. Tanimu ake ce masa, sana'arsa wankin hula. Rumfa ce 'yar ƙarama a bakin kasuwa: ga baho, ga sabulu, ga buroshi, ga gwangwanayen da yake kafa huluna a kai su sha rana. Magidanci ne, har furfura ta fara leƙo shi. Hannuwansa duk sun tsage saboda sabulu.

To wannan bawan Allah, Allah Ya ba shi kunne. Ku saurara, don kada wata ta fita ta ce na zagi waya. Ni ban ga laifin waya ba. Abin al'ajabi ne: abu kamar tafin hannu, amma akwai kalangu a ciki, akwai sarewa, akwai goge, ba fata ba tsirkiya. Tanimu sai ya ɗauki ƙarar buroshinsa a jikin hula, ya ɗauki ƙarar ruwan da yake tsiyayewa, ya jera su a manhajar nan, sai ka ji kiɗa ya tashi, har mai tallan goro ya tsaya ya manta da farantinsa. Wanda zai aurar da 'ya ba shi da halin zuwa situdiyo a birni, wurin Tanimu yake zuwa. Ya haɗa masa waƙa da sunan amarya da na ango, har da na gwaggon amarya don kada ta yi fushi. Abin da aka miƙa masa ya karɓa ya yi godiya. Amma a ransa yana son ranar da zai ajiye buroshi, ya zauna wa kiɗa kaɗai. Kowa ya san haka, don ba ya ɓoyewa.

Wata rana ana shirin biki a maƙwabtansa, mata sun taru suna lugude. Yaran yanzu ba ku san lugude ba, inji ya lalata ku. Mata uku a turmi ɗaya, wannan ta saukar, wannan ta ɗaga, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Tanimu ya ji daga bayan katanga, abin ya shige shi. Bai leƙa ba, bai laɓe ba. Ya aiki matarsa Hurera da wayar ya ce ta nemi izini. Matan suka yi dariya suka ce: “A ɗauka mana, taɓarya ba ta da miji balle ya yi kishi.”

Hurera ta ajiye wayar a kan wani kwando, ta shiga hidimar girki, ta manta da ita tana ta ɗauka. Mata suka watse. Aka bar wata dattijuwa, Tasalla, tana ƙarasa ragowar dakan ita kaɗai.

Ita Tasallar nan, ɗanta na fari ya rasu a ruwa, kwalekwale ya kife da su a hanyar cin kasuwa. Kun san al'ada, ɗan fari ba a kiran sunansa. Tun da ta haife shi, sai dai “yaron nan”, sai dai “wancan”. Ko ranar da aka kawo gawarsa, a gaban mutane ba ta zubar da hawaye ba, aka yi ta yabon kunyarta. To ranar nan da ta ga ba kowa, sai ta sa waƙa ƙasa-ƙasa, tana bi da bugun taɓarya. A cikin waƙar tana kiran sunansa. Sunansa na yanka, ɓaro-ɓaro, tana maimaitawa.

Da aka mayar wa Tanimu waya, bai ji komai ba sai dukan turmi. Taɓarya ta rufe muryar. Ya ajiye abinsa.

Ana nan, sai masu manhajar suka aiko da sabuwa. Haka suke, yau su ƙara wannan, gobe su ƙara wancan, kamar mai miyar da ba ta gajiya da ɗanɗano. Wannan karon abin da suka ƙara shi ne tsince murya daga cikin hayaniya, yadda muke tsince tsakuwa a shinkafa. Tanimu yana rumfa yana gwadawa, ya ɗora ta a kan luguden nan, ya danna. Turmi ya yi shiru. Sai murya ta fito tas, kamar Tasalla na zaune a gefen baho.

Ku ji inda jarrabawa ta shigo. A daidai lokacin akwai wani baƙo a bencin rumfar yana jiran hularsa ta bushe, wani mawaƙi daga birni mai situdiyo nasa na kansa, ana ce masa Kallamu. Ya ajiye raken da yake sha ya ce:

“Malam mai hula, wace ce wannan?”

“Maƙwabciyata ce.”

“Wannan ba maƙwabciya ba ce, arzikinka ne ya ɗauro zani ya zo. Ba ni muryar nan mu ɗora mata kiɗa. Kai kuma ka biyo ni birni, in ba ka kujera da fanka, ka huta da dattin kawunan mutane.”

Tanimu ya kalli hannuwansa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce: “Sai na tambaye ta.”

Kallamu ya yi dariya. “Tambaya? Kai kana neman izinin zakara kafin ka ji cara?”

“Zakara a kan katanga yake hawa don a ji shi. Ita ƙarƙashin taɓarya ta ɓoye.”

“To ai da sauƙi. Sabuwar nan tana sauya murya. Mayar da ita ta budurwa, ka cire sunan ka sa wani. Uban wa zai gane?”

Tanimu ya ce: “Ranka ya daɗe, in na rina hularka na kafa a kaina, ta zama tawa?”

Kallamu ya ce jibi zai koma, Tanimu ya yi tunani, don irin wannan mota ba ta tsayawa sau biyu a tasha ɗaya.

Da Tanimu ya isa gida ya gaya wa Hurera, ta hau shi da faɗa. Kada ku ga laifinta, ita ke shafa masa man kaɗanya a hannu kullum. Ta ce: “Malam, kai dai a cikin kumfa za ka mutu. Waƙar daka ce fa, kowace mace na yi.”

Ya ce: “Sunan yaron ta kira.”

Hurera ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi ta ce: “Tashi mu je.”

Suka tarar da Tasalla tana tsinkar zogale. Ta ce: “A'a, mai hula da kansa? Mu nan ɗankwali muke ɗaurawa, ka yi ɓatan kai.”

Ya tsuguna ya gaishe ta. Ya ce: “Inna, kayanki ne ya faɗo hannuna ban sani ba, na kawo miki.” Ya gaya mata yadda aka yi, bai rage ba.

Hannunta ya tsaya a kan zogalen. “Wa ya ji?”

“Ni, da wani baƙo da bai san ki ba.”

Hurera ta buɗe baki za ta kawo maganar birni, ya girgiza mata kai. Ku riƙe wannan. Ya san in tsohuwar ta ji cewa abincinsa na rataye da amsarta, kunya za ta sa ta ce a kai. Bai yarda ya ɗora mata wannan nauyin ba.

Tasalla ta ce: “Sa in ji.”

Ya sa. Ta saurara har ƙarshe, idonta a ƙasa. Can ta ce: “Ashe haka yake a bakina.” Ta goge fuska da gefen zani. “Yana raye na ji kunyar mutane ban kira shi ba. Yanzu da ba ya amsawa ne zan kira shi a kasuwa? Kashe abin nan, ɗan nan.”

Ya juyo mata da wayar ya ce: “Ga shi zan goge, sai dai ba za ki gane rubutun ba.”

Ta ce: “Ai ba wayar nake kallo ba, fuskarka nake kallo.”

Ya goge. To ashe waya tana da wani lungu da take tara abin da aka goge, kamar juji a bayan gida, mai so ya koma ya tono. Tasalla ba ta san da shi ba, har abada ba za ta sani ba. Suna fitowa, a bakin ƙofa, Tanimu ya tsaya ya shiga lungun nan ya share shi ƙaƙaf. Hurera ce kaɗai ta gani.

Kada ku jira in ce muku daga nan ya yi kuɗi. Bai yi ba. Kallamu ya koma birni ya ɗauki wani. Tanimu ya ci gaba da buroshinsa, yana haɗa wa talakawa waƙar biki. Sai da Tasalla ta kwanta ciwon ajali ta ba matan da ke jinyarta labarin, ko a nan ma ba ta faɗi sunan ba. Daga ranar, a garin nan in mata suna hidima aka ga waya a ajiye, sai a rufe ta da ƙwarya. In aka ce ta Tanimu ce, sai a ce bar ta, wannan ta san abin da za ta ji.

To 'yan'uwa, ga abin da ke cikin labarin, ba sai na lulluɓe ba. Abin da kunnenka ya tsinta ba a ba ka ba, amana ne. Amana kuwa ba kuɗin ajiya kaɗai ba ne. Kukan mutum amana ne, waƙar da ya yi wa kansa amana ce. Manhajar da ke hannun Tanimu ita ce a hannun 'ya'yanmu, har tasu ta fi tasa iya aiki. Ku bar su su yi kiɗansu, Allah Ya sa albarka, wataƙila abincinsu a nan yake. Amma kowace uwa ta tambayi ɗanta: muryar nan ta wace ce, ka tambaye ta? Mu ma kanmu, kafin ki tura wa ƙawarki abu don ku yi dariya, ki tsaya ki ji ko dariyar a kan kabarin wani take. A ɗakin nan akwai waɗanda suka tura tawa waƙar. Na san su, yau dai na rufa musu asiri.

Jiya ina juya waina, wani mai adaidaita ya tsaya da abin nan a lasifika. Jikar tawa tana zaune kusa da ni, sai ta miƙe tana rawa tana tafi. Ba ta san sunan uwarta ake kira ba.

Uwale, ba ni da faɗa da ke, tare muka yi 'yanmatanci. Amma ki kawo mini Haladu kafin Juma'a. Kada ki aiko da ban haƙuri, kada ki aiko da ubansa. Shi nake so, da wayarsa a hannu. Ya goge a gabana, ya bi duk wanda ya tura wa ya sa su goge. In ya ƙi, mai unguwa na nan da ransa. Kuma kafin ya taɓa wayar, ya tsuguna ya kalli marainiyar nan, ya gaya mini da bakinsa: wa ya ba shi Hansai ya kai ta titi?