Tawada a Babban Yatsan Sallau

Akwai wata nas mai suna Ummulkhairi da ke kula da masu taɓin hankali a wani ƙaramin asibiti kusa da Kura, wajen shekarar 1986. Matar nan ta ishi kowa da rubutu. Mara lafiya ya ci abinci, ta rubuta. Ya ƙi ci, ta rubuta. Har abokan aikinta suka laƙaba mata suna Akawu.

Ana tsakiyar ɗibar tumatir aka kawo mata Sallau daga Bunkure, an ɗaure shi da igiya kamar rago. Ta kwance shi, ta wanke masa ciwukan hannu, ta yi masa allurar da likita ya rubuta.

Kwana uku sai ga wansa, Alhaji Maharazu, da takarda da gwangwanin tawada.

"Sista, ɗan dangwale kawai zai yi. Gonarsa ta bakin kanal ɗin ruwa zan riƙe masa."

Ta karɓa ta karanta, ranta ya ɓaci.

"Alhaji, wannan ba riƙo ba ne, mallaka ce. Mutumin da ya kira ni Inna yau da safe shi zai ba da gona? Doka ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba."

"Ke kika haife shi? Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya!"

"Muddin yana kan gadon nan, amanata ne."

Kai, mutumin nan akwai naci! Sau huɗu yana dawowa, yau da lallashi, gobe da cika baki. Ummulkhairi ta gaji har wuya.

Wata Laraba ta dawo daga sallar azahar, ta ɗauko reza za ta yanke wa Sallau farce. Tana kama hannunsa ta ga babban yatsansa shuɗi shar da tawada. Sallau kuwa sai minshari, allura ta ɗauke shi.

Takaici ya kusa sa ta kuka. Amma ta zauna ta rubuta a katinsa: rana, lokacin allura, halin da yake ciki, da tawadar da ta gani. Ta kira likita ya duba yatsan ya sa hannu.

Da damina Sallau ya warware, ya koma gida, ya tarar da shinkafar wansa a gonarsa. Magana ta kai gaban alƙali. Maharazu ya miƙa takarda, ya rantse cewa ƙaninsa garau yake ranar da ya dangwala.

Aka kira Akawu da katinta. Alƙali ya gwada ranar da ke takarda da ranar da ke kati, ya ga rana ɗaya ce, ya ɗago ya dubi Maharazu. Nan take ya mayar wa Sallau gonarsa.

A ƙofar kotu Sallau ya share hawaye.

"Sista, ashe ranar da ban san kaina ba, akwai wadda ta san da ni."

"Ni dai ka sha maganinka," in ji ta. "Ka ƙi zuwa asibiti ranar Litinin, shi ma in rubuta."

Darasi: Mai taɓin hankali bai rasa haƙƙinsa ba don ya kwanta ciwo, kuma aikin mai jinya na farko shi ne tsare lafiyarsa da amanarsa, ko da daga hannun ɗan'uwansa ne. Ku tura wa duk mai jinyar wani a gida ko a asibiti.