Ɗan Mai Aski da Ya Daina Cin Abinci

Akwai wani mai aski da ke da shago a bakin titi. Gwani ne a sana'arsa, amma bakinsa ya fi rezarsa kaifi. Ba ya ganin mutum bai tsokane shi ba, kuma bai taɓa yarda cewa wasa yana ciwo ba.

Ɗansa namiji guda ne, ɗan sakandare mai jiki, mai kunya. Duk sanda yaron ya kawo masa abincin rana, sai ya ɗaga almakashi ya ce, "Ku matsa, Buhu ya iso! Ka tabbata ba ka cinye rabi a hanya ba?" Masu jiran layi su kwashe da dariya. Yaron ya yi yaƙe, ya ajiye kwano, ya fita kansa a ƙasa. Sunan ya bi shi har makaranta.

Da tafiya ta yi tafiya, yaron ya fara cewa ya ƙoshi. Ya koma gudu safe da yamma. Wandunansa suka yi masa yawa. Mai aski har bugun ƙirji yake a shago: "Kun gani? Bakina ne ya gyara shi."

Uwar ce ta fara tsorata. Wata safiya ta tare mijin a ƙofar ɗaki.

"Maigida, yaron nan ba shi da lafiya. Na tarar da abincinsa a leda ƙarƙashin gado, har ya yi tsami. In na matsa masa ya ci, sai ya shiga banɗaki ya kunna famfo, amma ina jin kakarin amai. Mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa."

"Likitan me? Ɗana ba mahaukaci ba ne! So kike a riƙa nuna ni da baki a unguwa? Shagwaɓa ce. Yunwa za ta koya masa hankali."

Wata rana da uban ya zaunar da yaron zai yi masa aski, gashin ya riƙa zubowa tun inji bai taɓa shi ba. Gaban mai aski ya faɗi. Amma akwai mutane a shagon, sai ya ce, "Buhu ya koma tsinke!" Aka yi dariya.

Ba a jima ba yaron ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta. A asibiti likita ta ce zuciyarsa ta raunana, ƙodarsa ma ta taɓu. Ta dubi mai aski ta ce:

"Baba, wannan cuta ce, ba taurin kai ba. Ku ƙashi kuke gani, shi in ya duba madubi ƙato yake gani. Da kun kawo shi da wuri, da bai kai haka ba."

Mai aski ya zauna a gefen gado, ya riƙe hannun ɗansa, ya ji shi sanyi ƙalau. Yaron ya buɗe ido da ƙyar.

"Baba, na ragu yanzu? Ko da saura?"

Mai aski ya fashe da kuka.

Yaron ya rayu, amma shekarar karatu ta wuce shi, kuma har yanzu yana ganin likita. Uban yakan rufe shago da rana, ya zauna kusa da shi da faranti. Wata rana yaron ya ci cokali kaɗan. Wata rana ya juya fuskarsa ga bango.

Darasin shi ne, jikin mutum ba abin ba'a ba ne, balle a bakin iyaye. Ƙin cin abinci da tsanar jiki ciwo ne da ke kama mace da namiji, yaro da babba, kuma yana da magani. Idan ka ga alamarsa a gidanka, ka saurara, ka nemi likita da wuri, kada jin kunyar mutane ya jawo maka asarar ɗanka.